Tudu, babur ɗin ruwa, iyo ko duron: daga ina za ka ɗauki hoton manyan igiyoyin teku?

Wanda ya ƙuduri aniyar bin manyan igiyoyin teku da masu hawansu a kan allo da kyamara, kafin ya sayi ko murfin lens, akwai tambayar da ya kamata ya fara amsa wa kansa: daga ina zan ɗauka? Amsar ce za ta yanke masa kayan da zai saya, da kuɗin da zai kashe, da irin hoton da zai koma gida da shi, har da ko zai koma gidan da ƙafafunsa. Wurare huɗu ake aiki daga cikinsu. Akwai kan tudu da dogon lens. Akwai kan babur ɗin ruwa ko kwalekwale mai inji. Akwai cikin ruwan tsundum, mutum na iyo kyamara a hannu. Sai kuma sama, da ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da ake kira duron. Tsofaffin hannu kan haɗa biyu ko uku, amma sabon shiga da wuya aljihunsa ya ɗauki fiye da guda a kakar farko, kuma in ya zaɓa ba daidai ba, sai ya jira baɗi.

Yadda kakar take

A arewacin duniya kakar tana kamawa daga wajen Oktoba zuwa Maris, lokacin da guguwar hunturu ke tashi can tsakiyar tekun Atlantika da na Fasifik, ta turo ruwa ya yi tafiyar dubban kilomita kafin ya iso gaɓa. A watannin nan ne wuraren manyan igiyoyi irin su Nazare ta Fotugal, da Jaws da Waimea a tsibiran Hawai, da Mavericks a Kalifoniya, da Mullaghmore a Ailan suke farkawa. In suka kwanta sai kudu ta karɓa: Teahupo'o ta Tahiti tana ƙarfi ne tsakanin Mayu da Oktoba.

Wata shidan nan a takarda ne kawai. Ranakun da igiya ke girma da gaske, iska ta daidaita, haske kuma ya yi kyau duk a lokaci guda, wata kakar da yatsu ake ƙirga su. Gasar hawan igiya ta tunawa da Eddie Aikau, shahararren mahayi ɗan Hawai, a Waimea ba a buɗe ta sai fuskar igiya ta kai kimanin mita 12, kuma bayan ta Fabrairun 2016 ba a sake yi ba sai Janairun 2023. Don haka mafi yawan aikin jira ne da sa ido a kan hasashen yanayi a shafukan intanet irin su Surfline da Windguru. Abin da ake dubawa ba tsayin ruwa kaɗai ba ne, har da tazarar da ke tsakanin igiya da 'yar'uwarta: in ta kai daƙiƙa 16 zuwa 20, ruwan daga nesa ya taso kuma ƙarfinsa ya kai har ƙasa. Hasashen ba ya tabbata sai saura kwana biyu ko uku, wato daidai lokacin da tikitin jirgi ya fi tsada. Duk zaɓin da za ka yi, ka yi shi da sanin cewa rana ɗaya tak tana iya biyan kuɗin kakar baki ɗaya, ko ta kuɓuce maka saboda batir ya mutu ko hazo ya rufe.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi, kuma kashi biyu ne: na sayen kaya, wanda kowa ke lissafawa, da na tafiyar da aiki kullum, wanda shi ne ke karya mutane. Farashin da zan ambata na dalar Amurka ne, kuma kimantawa ce, don yana motsi.

Na biyu ƙarko. Babban maƙiyin kayan hoto a bakin teku gishiri ne. Ba sai kyamara ta faɗa ruwa ba. Feshin da iska ke ɗaukowa ya isa ya sa tsatsa a sukurori, ya ci wayoyin ciki a hankali. Wadda ta nutse a ruwan gishiri kuwa galibi ta tafi ke nan.

Na uku sauƙi: wata nawa ko shekara nawa kafin hannunka ya faɗa, kuma mutum nawa ka dogara da su kafin ka danna maɓalli? Na huɗu haɗari, ga jikinka da ga waɗanda za su shiga ceto ka.

Na biyar, wanda mutane suka fi mantawa da shi, kasuwa ce. Zamanin da mujalla ke ɗaukar nauyin mai hoto ta tura shi tsibiri ya wuce. Mujallar Surfing ta rufe a 2017, ita kuma Surfer, wadda John Severson ya kafa a 1960, ta dakatar da bugawa a 2020. Yau kuɗin yana fitowa ne daga kamfanonin da ke ɗaukar nauyin mahaya igiya, da su mahayan kansu, da kamfanonin dillancin labarai, da masu shirya fina-finan gaskiya, da sayar da hoto bugagge. Duk waɗannan abu biyu suke biya: hoton da wani ba shi da irinsa, da kuma wanda ya iso da wuri. Hoton da ya isa hannun edita kafin faɗuwar rana ya fi wanda ya ninka shi kyau amma ya zo jibi.

Kan tudu da dogon lens

Nazare ce ta ɗaga darajar wannan hanya. Ƙarƙashin tekun wurin akwai wani kwazazzabo mai zurfin da ya kai kusan mita 5,000, wanda bakinsa ya zo har gindin gaɓa. Shi ke tattara ƙarfin ruwa ya cilla shi sama dab da wani tsauni, a kan tsaunin kuma ga tsohon sansanin São Miguel Arcanjo da jar hasumiyar fitilarsa. Mutum na tsaye a busasshiyar ƙasa igiya mai tsayin bene hawa bakwai tana karyewa a gabansa. A nan Garrett McNamara ya hau ta mita 23.8 a 2011, Rodrigo Koxa ta mita 24.38 a 2017, Maya Gabeira ta mita 22.4 a Fabrairun 2020, Sebastian Steudtner kuma ta mita 26.21 a Oktoban shekarar. Da hotuna da bidiyo ake auna waɗannan igiyoyi, ana gwada tsayin mahayin da na ruwan, don haka mai kyamara a tudu yakan zama shaidar tarihi.

Kuɗin shiga ya danganta da zuciyarka. Lens mai zuƙowa daga 150 zuwa 600mm na Sigma ko Tamron, ko 200 zuwa 600 na Sony, yana tsakanin dala 1,000 da 2,000. Babban 600mm f/4 na Canon, Nikon ko Sony kuwa yana kusan dala 13,000. Ra'ayina a nan a fili yake: mai farawa ba shi da dalilin sayen babban. Da rana ake aikin, haske a wadace yake, kuma igiyar Nazare ba ta karyewa wuri ɗaya, yanzu tana can nesa an jima ta matso, don haka lens mai zuƙowa ya fi amfani. Ƙara kyamara mai saurin ɗauka, da ƙafa uku mai nauyin da iska ba za ta girgiza ba, da rigar ruwan kyamara. Bayan haka kuɗin kullum bai wuce na masauki da mota ba.

Ƙarko a nan ya fi ko'ina. Lens mai kyau zai yi shekara goma yana aiki muddin ana goge shi da ɗanyen ƙyalle kowane dare, ba a kuma canza shi cikin feshi. Koyo ma da sauƙi: ka sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, ka rage haske kaɗan don kada farin kumfa ya ƙone, sauran kuma sanin ruwa ne. Abin da ke bambanta gwani shi ne ma'auni. Igiya ita kaɗai a hoto ba ta da girma. Sai an ga ɗan adam kamar ɗigon tawada a fuskarta, ko hasumiya a gabanta. Shahararren hoton nan da ake ganin ruwa ya yi wa hasumiya rumfa, daga can baya a kan tudu ake ɗaukarsa, dogon lens ne ke matse tazarar.

Haɗarin kaɗan ne amma akwai shi. Bakin tsauni na da santsi, kuma a Fabrairun 2010 wata igiya ta haura inda 'yan kallo suke a Mavericks ta jikkata sama da mutum goma. Babbar matsalar tudu ita ce kasuwa. Ranar da aka ce gobe Nazare za ta tashi, tun kafin gari ya waye ƙafafun kyamara sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kuma igiyar da ka ɗauka mutum hamsin sun ɗauke ta daga kusurwa guda. Sannan ba ko'ina tudun ke aiki ba. Mavericks tana karyewa kusan mita 800 daga gaɓa, hazo kuma ya saba rufe ta. Teahupo'o tana can bayan duwatsun murjani, daga ƙasa ba abin da za ka samu. Jaws tana da tsauni mai kyau, amma hanyarsa ta ƙasa ce, in an yi ruwa sai mota mai jan ƙafa huɗu.

Babur ɗin ruwa da kwalekwale

Nan ne ainihin teburin aikin ƙwararru. Tun farkon shekarun 1990, da Laird Hamilton da Buzzy Kerbox da Darrick Doerner suka fara jan juna da inji zuwa cikin igiyoyin da hannu ba ya iya kamawa, mai hoto ma ya samu wurin zama kusa da abin. Daga saman ruwa igiya tana fitowa da ainihin kamanninta: kaurin leɓenta, da ramin cikinta, da fuskar mahayin.

A raba biyun tukuna. Kwalekwale yana aiki ne inda akwai zurfi a gefen igiya, wurin da ruwa ba ya karyewa. Teahupo'o ce uwa a nan. Daga kwalekwale Tim McKenna ya ɗauki Laird Hamilton a igiyar 17 ga Agusta 2000, daga kwalekwale kuma Jérôme Brouillet na AFP ya ɗauki Gabriel Medina a tsaye cikin iska da allonsa a gasar Olamfik ta 2024, hoton da ya zagaya duniya cikin sa'o'i. Kujera kake biya, kana iya riƙe kyamara biyu, ka canza batir, ka sha ruwa. Wahalarsa jiri da amai, musamman in ido ya daɗe a cikin kyamara, da kuma cewa kai da duk wanda ke cikin jirgin kusurwarku ɗaya.

Babur ya fi 'yanci, ya kuma fi tsada da haɗari. Sabo yana tsakanin dala 12,000 da 20,000, ban da allon ceto da ake ɗaura masa a baya, da tirela, da mai, da gyara, da takardu. Shi ya sa yawancin masu hoto ba sa saye. Ko su biya direba kuɗin yini, ko su shiga ƙungiyar wani mahayi su riƙa biya da hotuna. Sai akwatin da ke hana ruwa shiga kyamara, irin na AquaTech ko SPL, wanda da gilashin gabansa yakan kai dala 1,000 zuwa 2,500, ana sa masa lens kamar 70 zuwa 200mm. Sai rigar roba mai kauri, don ruwan Nazare da hunturu yana wajen digiri 15, na Mavericks ya fi haka sanyi. Sai hular kwano, da rigar da ke kumbura in an ja igiyarta, wadda mahayi Shane Dorian ya taimaka aka ƙirƙiro bayan ya kusa halaka a Mavericks a 2010.

Ka kwatanta zaman. Kana bayan direba, cinyoyinka sun matse kujera, hannu biyu na riƙe da akwati mai nauyi, ba abin da ka kama. Rediyo na ƙara a ƙirjin direba, mai lura daga kan tsauni yana cewa ga jerin igiyoyi nan tafe, ta uku ce babba. Direba ya ajiye ka a kafaɗar igiyar na daƙiƙa huɗu ko biyar, ka danna, sannan ya murɗa ku tsere kafin ta baya ta rufe hanya. Duk hoton da ka samu, rabinsa nasa ne. Ban san wani abu da ya kai zaɓen direba muhimmanci a wannan sana'a ba, har da zaɓen kyamara.

Haɗarin yana da dalili na inji. Babur da ruwa yake tafiya, yana zuƙa yana fesarwa. In ya shiga kumfa, iska yake zuƙa, sai ƙarfinsa ya mutu daidai inda ake buƙatarsa. A Nazare kuma babu tsayayyen gefe mai aminci, igiyar tana canza wuri. A gasar Fabrairun 2020 ruwa ya cilla babur ɗin da mahayi Alex Botelho ke kai, aka fito da shi a sume. A Janairun 2021 a Oahu wani mai ɗaukar hoto ya karye a baya lokacin da babur ɗinsu ya tashi sama yana tsallake igiya ya faɗo. Márcio Freire, tsohon hannu a hawan manyan igiyoyi, ya rasu a Nazare a Janairun 2023. Akwai kuma ƙa'idar da duk mai mutunci ke bi: in wani ya shiga uku a ruwa, babur na ceto ne, hoto ya jira. Wanda bai iya farfaɗo da numfashi ba bai cancanci kujerar ba. Ƙungiyar BWRAG, wadda aka kafa bayan rasuwar mahayi Sion Milosky a Mavericks a 2011, tana koyar da irin wannan.

A duba doka ma. Mavericks na cikin yankin tekun da gwamnatin Amurka ta keɓe, ba a barin babur a wurin sai daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ma sai an fitar da gargaɗin babbar igiya. Ta fuskar ƙarko, kayan wannan hanya suna shan duka: akwati na bugun ƙarfe, inji na buƙatar wanki da ruwan daɗi bayan kowace fita. Amma ta fuskar kasuwa babu kamarta, saboda kujerun kaɗan ne, kuma kana tare da mutanen da kamfanoni ke son hotonsu.

Iyo da kyamara a hannu

Ita ce hanya mafi arha wajen shiga, kuma ita ce ta fi jan matasa. Da ƙaramar kyamarar GoPro ta dala 300 zuwa 400 da takalman iyo mutum ya fara. In ya ci gaba sai akwati da lens mai faɗin gani. Ba mai, ba direba, ba wanda za ka jira. Hoton da take bayarwa kuma, na cikin ramin igiya, ruwa ya naɗe ta ko'ina, babu wata hanya da ke ba da shi.

Ƙarkon kayan ya rataya ne a kan zoben roba guda da ke toshe bakin akwatin. Masu aikin suna zama da dare ƙarƙashin fitila su ciro shi, su bi shi da yatsa suna neman tsaga, su shafa masa ɗan man silikon, su mayar. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar rairayi a kansa ta isa ta shigar da teku cikin kyamarar dala dubu huɗu. Kafin a sa kyamara ana fara nutsar da akwatin fanko a bokiti a gani. A cikin ruwa kuma ana shafa wa gilashin gaba yawu don ruwan ya kwanta shimfiɗe maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: wannan hanya ta matsakaitan igiyoyi ce masu rami, irin Pipeline ta Hawai ko Teahupo'o a ranar da ba ta haukace ba. Ruwa mai faɗin mita ɗaya ta kowane gefe nauyinsa tan guda ne. Babbar igiya dubban irin wannan take saukewa, ta danna mutum ƙasa cikin duhu, kuma in bai taso ba kafin ta biyu ta iso, to numfashi ɗaya zai yi wa igiya biyu. Hannunsa ɗaya kuma a ɗaure yake da akwatin da ke iya juyowa ya fasa masa fuska. A manyan ranakun Nazare da wuya ka ga mai shiga da iyo don hoto. Ko a Pipeline, wadda ba ta kai su tsayi ba, Jon Mozo, ƙwararren mai hoto, ya rasu a 2005 yana wannan aiki. Shekaru ake yi ana koyon karanta ruwa da riƙe numfashi, kuma atisayen riƙe numfashi ba a yin sa a kaɗaice, don mutum yana iya suma a ruwa ba tare da wata alama ba. Wanda ya ce zai fara kakar manyan igiyoyi da iyo, ni dai zan roƙe shi ya sake tunani.

Duron

Da dala 1,000 zuwa 2,500 za ka samu duron mai kyau na kamfanin DJI, ka ƙara batir huɗu ko biyar. Jikinka na kan tudu, idonka na kan ruwa, kuma cikin 'yan makonni hannu ke faɗawa da tuƙi. Yana kai ka Mavericks da Jaws ba tare da ka jiƙe ba, yana bin mahayi tun daga inda aka sake shi har inda ya fita. Ƙungiyoyi kuma suna son mai duron saboda yana taimakawa a gano wanda ya ɓace cikin kumfa.

Raunin nasa uku ne. Batirin da kwali ya ce minti 40 da wani abu, cikin iska da sanyi bai fi 25 zuwa 30 ba, kuma babbar igiyar yini takan zo ne kana canji. Na biyu, iskar da mahaya ke addu'ar samu, mai busowa daga tudu zuwa teku, ita ce ke tura jirgin waje da sauƙi sannan ta tare shi a hanyar dawowa. Nan ne da yawa suke faɗawa ruwa. Na uku, daga sama sosai igiya tana bajewa ta zama ba komai, sai an sauko ƙasa-ƙasa girmanta ke fitowa, nan kuma feshi ke kaɗo shi. Mai wannan aiki ya sa a ransa cewa wata rana jirgin zai tafi da katin hotunan yinin a cikinsa. Don haka ƙarkonsa ne mafi ƙaranci. Ya fi ƙarfi a bidiyo; hotonsa bai kai na babbar kyamara ba in za a buga shi da girma.

Doka ta fi matsa masa fiye da sauran. A Amurka aikin kuɗi da duron sai da lasisin Part 107 na hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA. A Tarayyar Turai sai an yi rajista, ba a kuma wuce mita 120 sama, Fotugal kuma tana neman ƙarin izini na ɗaukar hoto daga sama. Ranar gasa masu shiryawa kan rufe sararin, inda helikwafta ke shawagi kuma, kamar Jaws, dole ka ba shi hanya. Batiran a jakar hannu ake shiga jirgin sama da su in za a yi tafiya.

Shi helikwaftan kansa ban sa shi a lissafi ba. Da awa ake hayarsa, kuma sai kamfani ne ke biya.

| Hanya | Kuɗin farawa, ban da kyamara | Ƙarko | Sauƙin koyo | Haɗari | Kasuwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Tudu | dala 1,500 zuwa 3,000 | mai yawa | da sauƙi | kaɗan | cunkoso |
| Kwalekwale | kuɗin kujera kowace fita | matsakaici | matsakaici | matsakaici | mai kyau |
| Babur | dala 2,500 zuwa 4,000, da kuɗin direba | matsakaici | da wuya | babba | mafi kyau |
| Iyo | dala 500 zuwa 3,000 | ya dogara da kula | shekaru | mafi girma | mai kyau a matsakaitan igiyoyi |
| Duron | dala 1,500 zuwa 3,500 da jirgin | kaɗan | da sauƙi | kaɗan ga jiki | mai kyau a bidiyo |

Abu guda da teburin bai nuna ba shi ne inshora. Ta tafiya ta yau da kullum sau da yawa tana cire irin waɗannan wasanni, ta kaya kuma tana iya cire lalacewar ruwa. A karanta ƙananan rubutun kafin a biya, musamman wanda zai hau babur.

Wa ya dace da wace

In kakarka ta farko ce, ko ba ka taso a bakin teku ba, ka hau tudu, kuma ka zauna wuri guda maimakon bin guguwa ƙasa-ƙasa. Wata biyu a Nazare da lens mai zuƙowa zai koya maka inda igiya ke tashi, da wane mahayi ke zaɓar wace, da lokacin da haske ke juyawa. Da yamma ka sauka tashar jiragen ruwa inda ƙungiyoyi ke fitowa, ka nuna wa mutane hotunansu. Ta nan ake samun kujerar babur, sannu a hankali, in sun ga kana zuwa kullum kuma ba ka shiga hanyar kowa.

In bidiyo ne abincinka, ko kana sayar wa masu shafukan sada zumunta da masu shirya fim, ka haɗa duron da tudu. Mutum biyu sun fi: ɗaya a kan dogon lens, ɗaya a kan jirgi, don ba a yin su tare da hannu biyu.

In kana aiki wa kamfanin labarai, kana son hoto mai ƙarfi ba tare da ka sa ranka a tafin hannu ba, kwalekwale a Teahupo'o ko Mavericks ya fi maka. Ka kama kujera da wuri wajen matuƙin da ya san wurin, ka sha maganin jiri tun kafin a tashi, ka kuma tanadi hanyar tura hoto daga cikin jirgin.

In ka riga ka iya ruwa, ka yi horon ceto, kana da mahayin da ya amince da kai da direban da ka ga aikinsa da idonka, kuma da wannan sana'a kake son ci da iyali, to babur ne wurinka. Kada ka sayi naka a shekarar farko. Ka biya kujera, ka zuba kuɗin a akwati mai kyau da rigar kumbura da inshora.

Iyo kuwa na wanda ya shekara da shekaru a ruwa ne, kuma ko shi ya ajiye shi don ranakun matsakaita. Ranar da hasashe ya nuna tazarar daƙiƙa 18 da ruwa mai tsayi, ya ɗauki akwatin nan nasa ya hau babur, in bai samu kujera ba ya hau tsauni da dogon lens.